Tafinta Tsakanin Kurma da Hukuma: Waiwaye Daga Ƙasar Boɗinga da Shagari

Gabatarwa

Da wuya a shiga wani gari a ƙasar Sakkwato a rasa kurma ko bebe a cikinsa, kuma da wuya a sami garin da mutanensa suka rasa hanyar yin magana da shi. Ana ciniki da shi a kasuwa, ana kiransa gayya a gona, ana ɗaura masa aure, yana shiga sahu a masallaci kamar kowa. Wahala tana tasowa ne ranar da ya fita daga cikin waɗanda suka san shi, ya tsaya gaban alƙali, ko likita, ko ɗan sanda, ko malamin zaɓe. A nan ne ake buƙatar mutum na uku wanda zai tsaya tsakani, ya mayar da maganar baki zuwa ta hannu, ya kuma mayar da ta hannu zuwa ta baki. Wannan maƙala za ta bi tarihin wannan mutum na uku, wato tafinta, da kuma tambayar da ke biye da shi ko'ina: wa ke biyansa?

An ɗauki Boɗinga da Shagari a matsayin wurin tsayawa a duba al'amarin saboda dalilai na tarihi. A ƙasar Boɗinga ne Sifawa take, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna har zuwa 1815, kuma a garin Boɗinga ne ƙanensa Malam Abdullahi, babban masanin shari'a na Daular, ya yi mazauni. Shagari kuwa ita ce mahaifar Alhaji Shehu Shagari, malamin makaranta wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Dukansu biyu suna kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Jega, babu wadda ta kai tafiyar yini daga birni, amma mafi yawan jama'arsu manoma ne mazauna ƙauye. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Boɗinga mutum sama da 170,000, ta Shagari kuma sama da 150,000.

Ya kamata a bambanta kalmomi biyu tun daga farko. Kurma shi ne wanda ba ya ji. Bebe shi ne wanda ba ya magana da baki, kuma mafi yawan bebaye babu abin da ya sami harshensu, kurunta ce ta same su tun suna ƙanana kafin su koyi magana. Saboda haka a nan za a fi amfani da kalmar kurma.

Maganar hannu kafin zuwan boko

Kurunta tsohuwar aba ce a wannan yanki, kuma dalilinta sananne ne. Ƙasar Sakkwato tana cikin ɗamarar nan ta sanƙarau da ta ratsa Afirka daga Senegal zuwa Habasha, inda cutar kan ɓarke a lokacin zafi kafin saukar damina. Cikin yaran da suka tsira daga gare ta, wasu kan tashi kunne ya tafi. Ƙyanda da ciwon kunne mai ruwa da ba a kula da shi ba su ma suna yin irin wannan ɓarna. Annobar sanƙarau ta 1996, wadda dattawa da dama ba su manta ba, ta kama mutum sama da 100,000 a Arewacin Nijeriya, ta kashe sama da 11,000. Ta sake ɓarkewa a 2017, inda ta fi tsanani a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Duk bayan irin wannan annoba akan sami sabon rukunin yara kurame a ƙauyuka, waɗanda aka haifa suna ji.

Inda kurame suka yi yawa, harshe ba ya rasa fitowa. Abin da Hausawa ke kira maganar bebaye, ko maganar hannu, harshe ne cikakke mai ƙa'idojinsa, wanda kurame suka gada daga kurame, yara suna koya daga manya a dandali da kasuwa. Wata masaniyar harsuna Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano a shekarun 1990, ta kuma fitar da littafi a kansa a shekarar 2000 mai suna Maganar Hannu. Daga cikin abin da bincikenta ya nuna akwai cewa masu ji da yawa a ƙasar Hausa suna iya taɓa wannan magana gwargwado, ba sa kuma jin kunyar yin ta a bainar jama'a. Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan aka tuna cewa a Turai, bayan taron malaman kurame da aka yi a birnin Milan a 1880, an shafe shekaru masu yawa ana hana yara kurame yin magana da hannu a makarantu, ana tilasta musu karanta leɓe.

Tsarin sarauta ma bai bar su a baya ba. Kamar yadda ake naɗa sarkin makafi da sarkin guragu da sarkin kutare, a birnin Kano har da sarkin bebaye, wanda ke sasanta tsakanin mutanensa, yana kuma kai kukansu gaba. A ƙauye kuwa, inda kurame ba su taru da yawa ba, aikin tafinta yakan faɗa kan wanda ya tashi tare da kurman: uwa, ko ƙane, ko abokin kiwo, daga baya kuma mata ko ɗa. Shi ya sa ake cewa maganar bebe sai uwarsa. Babu wanda ya taɓa biyan wannan tafinta ko anini, babu kuma wanda ya ɗauki abin da yake yi a matsayin sana'a. Zumunci ne.

Abin da malaman shari'a suka tanada

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan mas'ala. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce Shehu da Malam Abdullahi da almajiransu suka karantar a Sifawa da Boɗinga, ishara ta wanda ba ya magana tana zama a madadin furuci matuƙar an fahimce ta. Da ita yake saye da sayarwa, da ita yake karɓar aure, da ita yake saki, da ita yake iƙirari. Malikawa sun ma karɓi shaidarsa idan ishararsa ta fito fili, alhali Hanafawa ba su karɓa ba. Haka kuma littattafan alƙalanci sun yi maganar mai fassara a zauren shari'a, suka shardanta ya kasance amintacce.

To a nan ne mai karatu zai ga inda tsarin zumunci yake da rauni. Shari'ar da ta karɓi isharar kurma ita ce kuma ta ƙi karɓar shaidar uba ga ɗansa ko ɗa ga ubansa, saboda tuhuma. Alal misali, idan rigimar gadon gona ta taso tsakanin kurma da 'yan'uwansa, kuma duk garin babu mai jin maganarsa sosai sai ɗaya daga cikin waɗannan 'yan'uwa, wa zai fassara? Alƙali yana sauraren abokin husuma ne da bakin mai ƙara. Idan mace kurma ta kawo ƙarar mijinta, kuma mijin ne tafintanta, ƙarar ta mutu tun kafin a zauna. Ba sai ɗan'uwan ya yi nufin cuta ba. Ya isa ya taƙaita inda ya ga an tsawaita, ko ya sassauta inda ya ga maganar za ta kunyata gida. Abin da shari'a ta nema shi ne mutumin da ba shi da rabo a cikin maganar, irin wannan mutum kuwa ba ya barin gonarsa ya yini a kotu sai an biya shi.

Tafintan Bature

Kalmar tafinta kanta Turawa suka zo da ita, daga sunan da suke kiran mai fassara a harshensu. A watan Maris na 1903, bayan an ci Sakkwato da yaƙi, Lugga ya tara Waziri da sauran manyan gari ya yi musu jawabin da ya shimfiɗa sharuɗɗan sabon mulki. Ta bakin tafinta aka isar da jawabin, Manjo Burdon kuma, wanda ya ji Hausa ya kuma zama Razdan na farko a Sakkwato, yana biye yana tabbatar da abin da ake fassarawa. Daga nan tafinta ya zama ma'aikaci mai albashi a ofishin Razdan da na Di'o, yana bin su rangadi ƙasa ƙasa. Dattawa sun san irin ƙarfin da tafintoci da masinjoji suka yi a wancan zamani, har hakimai na neman shiri da su.

Abin lura shi ne, tun ranar farko hukuma ta san fassara aiki ne da ake biya, ta kuma san ana sa wa mai yin ta ido. Amma ta biya ne inda ita take son a ji ta, wato wajen haraji da jangali da kafa doka. Baitulmalin En'e ya biya alƙali da muhuti da ɗan doka. Kurman da aka kawo gabansu kuwa, shi zai zo da mai yi masa magana.

Makaranta ta zo da wani harshe

Ilimin boko na kurame daga Kudu ya shigo. Mutumin da ya fi kowa tasiri a ciki shi ne Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka, mai wa'azin Kirista, wanda aka haifa a 1925, shekarar da aka haifi Shehu Shagari. Sanƙarau ne ya kurmantar da shi yana ɗan shekara 11, wato ciwon nan dai da ya addabi ƙasarmu. Ya sami digiri a kwalejin kurame ta Gallaudet da ke birnin Washinton a 1954, ya buɗe makaranta a Gana a 1957, ya buɗe wata a Ibadan a 1960. Kafin rasuwarsa a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987, ya kafa makarantu sama da 30 a ƙasashen Afirka 13. Harshen da ya koyar da shi maganar hannu ce ta Amurka, kuma da dama daga cikin ɗalibansa sun zama malaman makarantun kurame a Nijeriya.

Gwamnati ta shigo da ƙarfinta ne a tsakiyar shekarun 1970, lokacin kuɗin man fetur. An soma shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta keɓe babi guda ga ilimi na musamman. A shekarar ce aka buɗe kwalejin horar da malaman wannan fanni a garin Oyo, aka kuma buɗe makarantar Tudun Maliki a Kano. An sake bitar manufar a 1981, zamanin mulkin Shagari, wadda kuma ita ce shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa naƙasassu. A Sakkwato, makarantar da ta ɗauki wannan nauyi ita ce wadda ke karɓar kurame da makafi a cikin birni, wadda daga baya aka sa wa sunan Abdulrashid Adisa Raji, hafsan sojan ruwan da ya mulki jihar daga 1996 zuwa 1998.

Babu mai musun alherin waɗannan makarantu. Sun fitar da kurame masu karatu da rubutu, da malamai, da ma'aikatan gwamnati, sun kuma haɗa yaran da da can kowa yake shi kaɗai a ƙauyensu. Amma malaman makaranta da ke karanta wannan maƙala za su fi kowa gane abin da ya biyo baya, domin irinsa ne ya faru tsakanin Hausa da Turanci a aji. Maganar hannu ta makaranta, wadda a yau ake kira ta Nijeriya, tushenta na Amurka ne, kuma tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da Turanci. Haruffan da ake rubutawa da yatsu an tsara su ne domin haruffa 26 na Turanci, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ a cikin asalinsu. Yaron Dingyaɗi ko Kajiji da aka kai birni yakan dawo hutu da harshen da uwarsa ba ta sani ba, wani lokaci har yana raina wanda ya tashi da shi, yana ganin na ƙauye ne. Wanda ba a kai ba kuwa, kuma su ne suka fi yawa a karkara, musamman mata, yana nan da maganar hannu ta gida.

Ta haka aka wayi gari da harsunan kurame iri biyu a ƙasa ɗaya. Tafintan da ya yi kwaleji na makaranta ya koya. Idan aka ɗauko shi daga birni aka tsayar da shi gaban dattijo kurma daga Dandin Mahe wanda bai taɓa shiga aji ba, abu ne mai yiwuwa su dubi juna kamar Bahaushe da Bayarabe.

Inda kuɗin gwamnati ya tafi

Idan aka duba abin da gwamnatoci suka kashe a kan kurame tun daga wancan lokaci, za a ga ya bi hanyoyi biyu. Ta farko makaranta, wato gini da abinci da albashin malamai. Ta biyu tallafi. A zamanin Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko, wanda ya yi mulki daga 2007 zuwa 2015, Jihar Sakkwato ta shiga biyan dubban naƙasassu alawus na Naira 6,500 kowane wata, da nufin rage bara. Kada mai karatu ya auna wannan kuɗi da ma'aunin yau. Lokacin da aka soma shirin, mafi ƙarancin albashi da dokar ƙasa ta yanka Naira 5,500 ne, sai a 2011 aka ɗaga shi zuwa 18,000. Shiri ne da ya sa hatsi a gidaje da yawa, ya kuma dace da al'adar ƙasar ta ciyar da mai rauni, wadda zakka da waƙafi suka ginu a kanta.

Sai dai buƙatar kurma ta bambanta da ta makaho ko gurgu. Mafi yawan kurame ƙarfafa ne, suna noma, suna ɗinki, suna gini, suna gyaran babur, ba su cika yin bara ba. Abin da ya tsaya musu shi ne magana. Alawus ba zai gaya wa likita cewa ciwon a gefen dama yake ba, ko cewa an riga an sha wani magani a gida. Mace kurma da ta je awon ciki tana tsakanin abu biyu: ko ta yi shiru a duba ta kamar dabba, ko ta faɗi sirrinta ta hannun ƙanen miji ko ɗanta ƙarami. Duk wanda ya san kunyar Bahaushiya da Bafulatana ya san wanne za ta zaɓa.

A takarda kam, haƙƙin ya daɗe da tabbata. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 36, ya ba duk wanda ake tuhuma da laifi damar samun tafinta kyauta idan bai fahimci harshen da ake shari'ar da shi ba. Dokar Shaida ta 2011 ta yarda wanda ba ya magana ya ba da shaida da rubutu ko da ishara a zauren kotu. Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2007, ta tabbatar da ita a 2010, yarjejeniyar kuwa ta ambaci samar da ƙwararrun tafintocin maganar hannu da sunansu.

Dokar 2018 da abin da ya biyo ta

A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda majalisa ta zartar a 2018. Dokar ta ɗora wa asibitocin gwamnati tanadar hanyar magana da majinyacin da ke da matsalar ji ko furuci. Ta ce a sa maganar hannu cikin manhajar makarantu tun daga firamare. Ta yanka tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutumin da ya nuna bambanci, da Naira miliyan 1 ga kamfani. A 2020 aka kafa hukumar naƙasassu ta ƙasa, babban sakatarenta na farko kuma, James Lalu daga Jihar Filato, shi kansa mai lalurar ji ne. A shekarar ce jama'a suka saba ganin tafinta a gefen allon talabijin lokacin da kwamitin shugaban ƙasa ke bayani kan cutar korona. Dokar Zaɓe ta 2022 ita ma ta ambaci fassarar maganar hannu cikin hanyoyin taimaka wa mai jefa ƙuri'a.

Waɗannan nasarori ne, kuma ƙungiyar kurame ta ƙasa da ta tafintoci sun sha gwagwarmaya kafin a kai gare su. Amma a lura da inda tafintan ya fara bayyana: a talabijin, a gefen mai mulki, lokacin da hukuma ke son a ji ta. Al'adar 1903 ba ta canza sosai ba. Kurman Shagari kuwa hulɗarsa da gwamnati a asibitin sha-ka-tafi take, da kotun shari'a, da ofishin 'yan sanda, da makarantar firamare, kuma yawancin waɗannan a hannun jiha da ƙaramar hukuma suke. Doka daga Abuja ba ta zama mutum a bakin aiki sai an buɗe gurbi a tsarin ma'aikata, an yanka masa matakin albashi, an sa shi a kasafin kuɗin shekara. Ƙwararrun tafintoci kaɗan ne, mafi yawansu a manyan birane suke, da yawansu kuma malaman makarantun kurame ne da ake janyowa daga aji a ba su ɗan abin mota. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yuli na 2024, cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ya sa tambayar ta sauko har ƙofar sakatariyar Boɗinga da ta Shagari.

Biya kawai kuma ba ya wadatarwa sai da jarrabawa. A watan Disamba na 2013, a taron makokin Nelson Mandela, an tsayar da wani mutum kusa da shugabannin duniya yana ta kaɗa hannuwa, daga baya kuramen Afirka ta Kudu suka bayyana cewa babu ma'ana a cikin abin da ya yi. Waɗanda suka ɗauke shi aiki ba su jin harshen, don haka ba su da yadda za su gane. Lugga ya sami Burdon ya duba masa tafintansa. Alƙalin ƙauye ba shi da Burdon, sai in an sa kurame kansu cikin masu tantance wanda za a ɗauka.

Game da harsuna biyu kuwa, akwai dabarar da ƙasashe da dama ke amfani da ita a kotuna da asibitoci, wato a haɗa tafinta biyu, ɗaya mai ji, ɗaya kurma. Mai ji ya ɗauki maganar alƙali ya mayar da ita maganar hannu ta makaranta, kurman kuma ya mayar da ita ta gida ga wanda ake yi dominsa, amsa ta biyo wannan hanya ta dawo. Mutanen da za su iya aiki na biyun suna nan a ƙasar Boɗinga da Shagari: tsofaffin ɗaliban makarantar Raji da suka tashi da maganar ƙauyensu, suka koyi ta birni, suka koma gida suna ɗinki ko noma. Ɗaukarsu na nufin albashi biyu a maimakon ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, da babur na zagaya kotu da asibiti a ranakun kasuwa.